Gilashin Haladu Jamus a Ɗakin Amarya

Wani mutum ne a wani gari da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, sunansa Haladu, sana'arsa ɗaukar hoto. In ka shiga garin ka ce Haladu kake nema, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Jamus, ko akuyar bakin tasha za ta nuna maka shagon. Ba wai ya taɓa zuwa Jamus ba ne. Iyakar tafiyarsa a duniya Kwatano, ita ma a bakin iyaka aka juyo da shi. Sunan ya same shi ne saboda wani tsohon gilashin kyamara da ya gada wurin ubangidansa, baƙi wuluk, mai nauyi kamar dutsen guga, da wani rubutu zagaye da bakinsa wanda duk garin ba mai iya karantawa. Haladu ya ce Jamusanci ne. Tunda ba Bajamushe a kusa, maganar ta zauna.

Ba a yin hira da Haladu a tashi gilashin nan bai shigo ba. Ka yi masa gaisuwar mutuwa, zai ce Allah ya jiƙan mamaci, ai shi ya ɗauke shi hoto da gilashin Jamus, har gashin hancinsa ana iya ƙirgawa. Ka ce masa taki ya yi tsada, zai ce komai na zamani haka yake, ba kamar kayan da ba, misali gilashi.

"Kaifi!" in ji shi, yana ɗaga yatsa sama a majalisar bakin shagonsa. "Ku yaran yanzu kun san kaifi kuwa? Na taɓa ɗaukar wani Bafulatani a kasuwar shanu. Da aka wanke hoton, sai ga kaska a kunnen wani sa da ke can bayansa. Kaska fa! Har ana gane ta ƙoshi."

Wani ya ce, "Shugaba, bara ka ce a wutsiya take."

"Ta tashi ta koma kunne. Kaska ba ta tafiya ne?"

Da ya samu masu saurare, sai ya shiga karatu. Ya ce gilashin da ba inji ya yi shi ba, tsofaffi ne masu haƙuri suka zauna suka goge shi da hannu. Ya ce gilashin zamani tsakiyar hoto kawai yake kamawa, kusurwoyi kuwa sai su narke kamar alewa a rana, amma nasa daga wannan kusurwa zuwa waccan tar yake, ko zaren riga bai ɓata masa. In aka ambaci waya kuwa, sai ya tofar da yawu gefe.

"Waya hoto take ɗauka? Fenti take yi. Ta shafe maka ƙuraje, ta ba ka fatar da ba taka ba, ka fito kamar an wanke ka da sabulun salo an shanya. Ƙarya ce zalla a cikin aljihu."

Don a yi masa adalci, hotunan da ke jikin bangon shagonsa suna da kyau ƙwarai. Sai dai duk mutanen da ke cikinsu sun yi jikoki, wasu ma an daɗe da yi musu sadakar arba'in.

Abin da majalisa ba ta sani ba shi ne, gilashin Jamus ya daɗe da yin ritaya bai sanar da kowa ba. Wata damina Haladu ya nannaɗe shi a tsumma, ya sa a akwatin ƙarfe, ya tura ƙarƙashin gado, daidai inda ɗakin ke yoyo. Da kaka ta yi ya buɗe, sai ya tarar funfuna ta shiga can ciki ta yi saƙa kamar yanar gizo-gizo. Ga shi kuma shekara da shekaru, duk safiya sai ya hura masa numfashi, haaa, ya murje shi da bakin babbar riga, wajen aikin zare, har fuskar gilashin ta koma kamar gindin tsohuwar tasa. Idon Haladu shi ma bai bar gilashin ya tsufa shi kaɗai ba. An ba shi tabarau a asibitin ido, ya jefa can ƙasan aljihu. Mai gilashin Jamus da tabarau? Me duniya za ta ce?

Fim na ƙarshe da ya ɗauka na wani suna ne. Da ya kai aka wanke a ɓoye, hotunan suka fito kamar an ɗauke su daga cikin kofin koko. Ya juya su sama, ya juya su ƙasa, ya kasa rabe mai jego da ragon suna. Tun daga nan ya sanar cewa shi yanzu ya girmi yawon biki. Shugabanci ya ishe shi aiki.

Shugabanci kuwa yana da shi. Shi ne shugaban ƙungiyar masu hoto ta garin, kuma kujerar nan ita ce abin da ya rage masa a duniya bayan gilashi. Ita ke sa a ce masa Shugaba, a tashi a ba shi benci, a aiko masa da cinyar kaza daga bikin da bai je ba. Da bakinsa ya kafa doka cewa duk ɗan ƙungiyar da aka kama yana ɗaukar hoton aiki da waya, a kore shi, kuma kar a sake barinsa ya tsaya a filin biki.

Wanda dokar ta fara ci shi ne Tanimu Na-Tasha, wani mai hoto mai bakin tsiya, wanda ko gaisuwa ya yi maka sai ka duba ko da zagi a ciki. Kyamararsa ta mutu ana tsakiyar kamun amarya, ya zaro waya ya ƙarasa aiki. Haladu ya tara ƙungiya, ya yi huɗuba mai tsawo a kan mutuncin sana'a, ya kore shi.

Tanimu bai yi gardama ba. Ya wuce kai tsaye gidan Alhaji Barau, uban ƙungiya, tsohon hedimasta, mutumin da ya shekara talatin yana sauraron dalilan da suka hana yara yin aikin gida, saboda haka ba abin da ke ba shi mamaki. Alhaji ya kira su duka biyu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, 'yan ƙungiya suka biyo baya don kar a ba su labari.

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ƙi kora ba. Roƙona ɗaya ne. Tun ina goye nake jin labarin gilashin Jamus. Ina so in ga aikinsa kafin in mutu. Sabon aiki fa, ba hoton kakata tana budurwa ba."

Haladu ya yi dariyar manya. "Yaro, in na ɗauke ka da gilashin nan, har rashin kunyar da ke cikin ƙashinka sai ta fito."

"To ai shi ke nan, Shugaba. A fito da ita mu gani."

Alhaji Barau ya gyara zama. Ya ce abin ya zo da sauƙi, ga bikin 'yarsa ya matso, ranar Alhamis mata za su yi jere. Uwar amarya, Hajiya Yalwa, ta dame shi tana son hoton ɗakin, wanda zai fito da kowane fure na kowane kwano. Haladu ya ɗauka da gilashinsa, Tanimu ya ɗauka da wayarsa, a wanke manya, a kawo nan gaban kowa. In na Haladu ya fi fitowa, korar Tanimu ta zauna. In na Tanimu ya fi, ya dawo ƙungiya.

Da Haladu ya yi shiru a nan, da asarar ba ta wuce dawowar Tanimu ba. Amma idanu sun yi masa yawa, bakinsa kuma bai saba jiran izininsa ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ai wasa ne. A ƙara gishiri. In waya ta kayar da ni, na sauka daga kujera. Gilashin kuma in ba Tanimu ya kai wa matarsa ta rufe tulu da shi."

Tanimu ya ce, "Madalla. Dama murfin namu ya fashe."

Sai da ya kama hanyar gida shi kaɗai sannan maganar ta sauko masa daga baki zuwa ciki. Ya shiga ɗaki, ya fito da gilashin, ya ɗaga shi saitin taga ko funfunar ta gaji ta yi ƙaura. Tana nan, har ta yi ƙarin ɗaki. Ya hura, haaa, ya murza da riga. Ya leƙa ta ciki ya kalli tsakar gida, ya ga wani abu fari yana motsi. Ya ɗauka tinkiya ce. Sai abin ya yi magana.

"Baban Jummai, tsaya haka kar ka motsa."

Matarsa ce Ladidi, riƙe da sabuwar wayar da 'yarsu Jummai ta aiko mata daga Kaduna. Waya ce shimfiɗeɗiya mai idanu uku a baya, an sa mata riga ruwan hoda mai ƙyalƙyali, da wasu dogayen kunnuwan zomo biyu a sama. Kafin ya ce wani abu, ƙyas, ta ɗauke shi. Ta matso ta nuna masa, ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton.

"Dubi, har zaren da ya zare a hularka."

Haladu ya kawar da kai. "Fenti," in ji shi. Amma da wutsiyar ido ya ga zaren. Ya kuma ga inda ake dannawa.

Ranar Alhamis da safe Ladidi ta shiga wanka ta bar waya a kan tabarma. Da ta fito, tabarma na nan. Ta ɗaga matashi, ta zazzage jaka, ta leƙa har cikin tukunyar miya. Ita ma tana cikin 'yan jere, ƙawar Hajiya Yalwa ce tun suna 'yan mata, kuma ta ci burin ɗaukar ɗakin nan ta tura wa Jummai.

"Baban Jummai, ba ka ga wayata ba?"

Haladu yana gaban madubi yana karya hula. "Ni? Me ya haɗa ni da wannan abar? Abin da nake faɗa ke nan kullum. Kayan zamani ko zama wuri ɗaya ba su iya ba. Gilashina shekara nawa, kin taɓa jin ya ɓata?"

Ta aika maƙwabta su kira lambar. Allah ya rufa wa Haladu asiri, ranar babu sabis a garin, kamar yadda aka saba duk ranar da ake bukatarsa. Ya fita da babbar riga, kyamara rataye a ƙirji, aljihun ciki ya yi nauyi a gefe ɗaya.

Mata sun yi aiki a ɗakin nan. Kabad mai gilashi ya cinye bango guda, daga ƙasa har rufi. Tukwanen silba manya da ƙanana an jera su bisa tsawo kamar 'yan makaranta. Ga kuloli, ga butocin shayi, ga farantai an jingina su tsaye, ga ludaya da cokula an rataye. Gwaggwannin amarya sun wuni suna goge su da toka da tsumma, har in ka shiga sai ka runtse ido. Tanimu ya riga ya zo, ya ɗauki nasa a gaban kowa, ya sha zolaya, ya tafi.

Da Haladu ya iso, aka rangaɗa guɗa. Wata tsohuwa ta ce, "Ga Bature ya iso! A ba shi hanya kar ya koma ƙasarsu."

Haladu ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa ɗakin kallo kamar likita. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, abin da ba shi da wata alaƙa da hoto. Sannan ya ce kowa ya fita.

Hajiya Yalwa ta ce, "A'a, Malam Haladu, mu da ɗakinmu? Ai Tanimu a gabanmu ya ɗauka."

"Hajiya, shi ya sa ake ce masa Tanimu. Gilashin nan ba ya son numfashin mutane. Mutum ɗaya ya yi atishawa, an ɓata aikin Jamusawa. A buɗe taga, a ja min ƙofa, kuma kar wadda ta leƙo."

Ladidi ta ce wa ƙawarta, "Ku bar shi. A gida ma haka muke fama."

Ƙofa ta rufu. Haladu ya saurara, ya ji mata sun taru a bayanta suna kasa kunne. Saboda haka ya danna tsohuwar kyamarar da ke ƙirjinsa, ƙarau! Ya murɗa, ya sake dannawa, ƙarau! Ko murfin gilashin bai wahalar da kansa ya cire ba, tunda ƙarar kawai ake bukata. A waje wata ta ce, "Kun ji na gaske."

Sannan ya zaro zomo.

Danna ta farko, sai ga wasu ramuka biyu baƙaƙe cike da gashi sun cika fuskar wayar. Ya zabura har ya kusa ture kabad, kafin ya gane hancinsa ne. Ya danna nan, ya shafa can, ya yi salati, ya yi tsaki. Da ƙyar abar ta juya ta kalli tukwane. Ya ja da baya, ya tura hula ƙeya, ya buɗe ƙafafu ya ɗan durƙusa kamar mai shirin dambe, ya riƙe waya da hannu biyu a gaban fuska, harshe ya leƙo gefen baki don taya shi aiki. Ƙyas. Ya ƙara, ƙyas. Ya duba, ya ga wani abu mai walƙiya dishi-dishi, wanda a idonsa haka duniya duka take. Ya mayar da waya aljihu, ya buɗe ƙofa yana share gumi.

"An gama. Sai dai fim irin wannan ba mai iya wanke shi a nan. Sai Kano."

Washegari ya hau mota. Suna kusa da Kano sabis ya dawo, aljihunsa ya ɓarke da kiɗan biki. Fasinjoji suka yi ta kallonsa. Shi ma ya yi ta kallonsu, yana girgiza kai irin na mutumin da ake damunsa.

A wurin wankin hoto ya samu mai injin, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya miƙa masa waya a ƙarƙashin hannun riga kamar mai sayar da abin sata. Mutumin ya ɗora hoton a kwamfuta, ya buɗe shi, ya ƙara buɗewa. Ya dubi hoton. Ya dubi Haladu. Ya sake duban hoton, ya ciji leɓe.

"Alhaji, haka za a wanke shi?"

"Haka."

"Ba abin da za a ɗan goge?"

Haladu ya bugi tebur. "Ka taɓa ɗigo ɗaya, ni da kai ne. Mu ba ma fenti."

"To. Wane girma?"

"Girman ƙofa."

Mutumin ya shiga ciki. Haladu ya ji kamar ana tari a can, tari mai tsawo, har da buga bango. Da aka fito da hoton, ya tsaya nesa ya ƙanƙance ido, ya ga tukwane suna walƙiya reras. Ya ga kuma ma'aikatan wurin sun fito suna leƙensa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi mamaki ba. Aiki mai kyau dole ya tara jama'a. Ya sa aka share hotunan daga wayar, aka naɗe babban a takarda, ya kamo hanya. A gida, waya ta bayyana a cikin kwandon albasa.

Ladidi ta ce, "Ikon Allah! Sau uku ina zazzage kwandon nan."

Haladu ya ce, "Tsufa ne. Ki riƙa zuwa ana duba miki ido."

Bayan an kai amarya an huta, aka taru ƙarƙashin darbejiyar Alhaji Barau da la'asar. 'Yan ƙungiya sun cika benci, 'yan kallo sun cika titi. Hajiya Yalwa da Ladidi da sauran 'yan jere suna bakin soro, tunda aikinsu ne za a duba. Aka fara buɗe na Tanimu. Hoto ne mai kyau, ba laifi, sai dai wayarsa ta kwana biyu a duniya, kusurwoyin sun ɗan yi laushi.

Haladu ya matsa, ya sunkuya, bai ga komai ba, ya miƙe. "Allah sarki. Ya yi ƙoƙari. A ba shi ruwa ya sha."

Sannan ya sa mutum biyu suka riƙe nasa, ya fizge takardar, fyuu!

Wurin ya ɗauki "Kai!" gaba ɗaya. Tukwane kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Furen kowane kwano da ganyensa. Har wani ƙuda da ya sauka a bakin buta, ga fukafukansa. Hajiya Yalwa ta rangaɗa guɗa daga soro. Tanimu ya cire hula ya sosa kai. Alhaji Barau ya dubi wannan daga kujerarsa, ya dubi wancan, ya ce gaskiya ba sai an kai ruwa rana ba, na Haladu ya fi fitowa nesa ba kusa ba.

An gama ke nan. Kujera ta tsira, tulun gidan Tanimu zai ci gaba da zama a buɗe. Mutum mai matsakaicin hankali da sai ya naɗe hotonsa, ya karɓi gaisuwa, ya tafi gida. Haladu ya sa hannu a aljihu ya fito da madubin ƙara girma, wanda ya aro wurin mai gyaran agogo musamman don wannan rana.

"Ranka ya daɗe, daga nesa ai ko waya tana iya ruɗin mutum. Kaifi sai an matso. Ga wannan. A duba kusurwa. A duba cikin tukwanen nan ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ke ɗakin nan a ranar, gilashin Jamus bai bar shi ba. Ina so yaran nan su yi karatu."

Alhaji Barau ya tashi, ya sa tabaransa, ya karɓi madubi. Ya kai shi kan babbar tukunyar tsakiya. Ya daɗe a wurin. Ya matsa kan ta kusa da ita. Ya gangara kan buta. Sai ya miƙa wa na kusa da shi madubin. Wannan ya duba, ya toshe baki da hula, ya miƙa wa na gaba. Madubi ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, duk wanda ya karɓa sai kafaɗunsa su kama rawa. Da ya iso hannun Tanimu, ya leƙa sau ɗaya, ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce, "Wayyo cikina."

Haladu ya harɗe hannu a baya yana kallon sama. Ya san kaifi yana ruɗa mutane, amma bai zaci zai kai ga zaunar da su ba.

Hajiya Yalwa ta gaji da jira. Ta gyara mayafi ta fito, Ladidi na biye da ita. Ba ta ma bukaci madubi ba, ta kai fuska kusa kawai.

"La'ilaha illallahu! Wane ne wannan a cikin tukwanen 'yata?"

Haladu ya ce, "Hajiya, wa kuma? Ai ni kaɗai ne a ɗakin."

Tanimu daga ƙasa ya ce, "Shugaba, ai ba wanda ya musa."

Haladu ya juya wajen hoton. Ya matsa ya ƙanƙance ido, bai ga komai ba sai walƙiya. Ya ƙara matsawa har hancinsa ya taɓa takarda. Babu. A gaban ƙungiya, a gaban mata, a gaban titi, ya zura hannu can ƙasan aljihu ya fito da tabarau ya ɗora a hanci.

Wani ya ce, "Af! Ashe Jamus ma da ɗan taimako take gani."

Duniya ta washe wa Haladu tar, a lokacin da ba ya bukata ko kaɗan. Ga shi nan a cikin babbar tukunya, gajere, mai faɗi kamar kwaɗo. Ga shi a jikin butar shayi, dogo siriri kamar taɓarya. Ga shi a cikin ludayi, kai ƙasa ƙafa sama. Kowace kula da nata Haladun, kowane faranti da nasa. Gwaggwannin amarya ba su yi ha'inci wajen guga ba. Kuma duk inda ya fito, hula a ƙeya, ƙafafu a buɗe, harshe a waje, hannu biyu riƙe da wani abu ruwan hoda mai dogayen kunnuwa.

Ladidi ta karɓi madubi. Ta duba a natse. Ta buɗe jaka ta fito da wayarta, ta kara ta kusa da hoton, kunne da kunne.

"Baban Jummai," in ji ta, murya a sanyaye, "ashe kwandon albasarmu har Kano yake zuwa."

Titi ya fashe. Masu benci suka zube kan juna. Haladu ya ɗaga hannu biyu yana neman a saurara, gumi na bin gemunsa.

"Ku tsaya! Ku tsaya, jahilci ne ke damunku! Haske nake aunawa da ita! Duk babban mai hoto yana auna haske kafin ya ɗauka. Hoton kansa gilashin Jamus ne ya ɗauke shi, wallahi mata sun ji ƙararsa!"

Alhaji Barau ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya karɓi madubi wurin Ladidi, ya koma kan babbar tukunya, ya saita shi daidai ƙirjin ƙaramin Haladun da ke ciki, inda tsohuwar kyamara ke rataye tana hutawa. Ya daɗe yana dubawa, kamar mai duba jarrabawar ɗalibin da ya saba ba shi mamaki. Sannan ya miƙe, ya cire tabarau, ya goge, ya ninke.

"Jama'a, ku daina dariya, Malam Haladu ya yi gaskiya, kuma ni na ba gilashin Jamus haƙƙinsa. Na ga kyamarori da yawa a rayuwata. Amma wannan ne gilashi na farko da na gani ya ɗauki hoton kansa, yana rataye a ƙirji, da murfinsa a rufe." Ya juya wajen wanda ke zaune a ƙasa. "Tanimu, in za ka kai wa mai ɗakinka, ka haɗa da murfin. Da alama shi ne ke aikin."